Mutumin da ke Bakin Ƙofar Hasumiya

A zangon karatun da ya wuce mun kai wa ɗaliban ajin ƙarshe na wata kwalejin horon malamai wani hoto, muka kafa shi jikin allo, ba mu ce musu kome ba. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin teku da idonsu. Abin da ke cikin hoton wani gini ne na dutse tsaye a tsakiyar ruwa, ga wani raƙumin ruwa fari fat ya taso daga bayansa ya rungume shi dama da hagu, kamar zai haɗiye shi. Can ƙasa kuwa, a bakin wata 'yar ƙofa, ga mutum guda tsaye abinsa, sai ka ce wanda ya fito shan iska bayan la'asar.

Wani ɗalibi ya ce ƙarya ce, da kwamfuta aka haɗa shi. Wani ya ce Allah Ya ji ƙan wannan bawan Allah, don ba shakka ruwa ya tafi da shi. Can sai wani daga kujerar baya ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, shi wanda ya ɗauki hoton a ina ya tsaya? Ni dai ban ga ƙasa ba."

To, na farko bai faɗi daidai ba, hoton na gaskiya ne. Na biyu ma bai faɗi daidai ba, mutumin ya tsira. Tambayar na uku kuwa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin a ganinmu wanda ya iya yin wannan tambaya ya fara iya karanta hoto, kuma karatun hoto abu ne da ya kamata ko wane malamin makaranta da ko wane ma'aikacin ofis ya iya a wannan zamani.

Aikin hasumiyar fitila

Kafin mu je ga hoton, bari mu bayyana ginin, saboda mu mutanen tudu ne. Jirgin ruwa ba ya tsoron tsakiyar teku kamar yadda ya ke tsoron gaɓa, don a kusa da gaɓa ne duwatsu ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Saboda haka a kan gina doguwar hasumiya a irin waɗannan wurare, a sa fitila mai ƙarfi a kanta, domin matuƙi ya hango ta da dare ya san inda ya ke. Ko wace hasumiya da irin ƙiftawarta: wata sau biyu ta huta, wata sau uku, wata farar wuta, wata ja. Matuƙi ya kan ƙirga ƙiftawar, ya duba littafinsa, ya gane sunanta, kamar yadda mu ke gane gidan sarautar da a ke yi wa kiɗa daga jin take.

Dabarar ba ta yau ba ce. Hasumiyar Iskandariya ta ƙasar Masar, wadda aka gina wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya wuce ƙafa 300. Ibn Battuta, matafiyin nan da ya zo har Takedda ta ƙasar Nijar ta yau, ya gan ta a 1326, da ya sake komowa a 1349 ya tarar ta rushe har ba ta shiguwa. Ta ɓace tun kafin a san kyamara, shi ya sa har yau zato kawai a ke yi game da kamanninta. Daga baya kuma wani masani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya fito da wani irin gilashi mai zobba-zobba wanda ke tattara hasken fitila wuri guda ya harba shi nesa, aka fara sa shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Daga nan ya bazu duniya.

Goɗiya

Hasumiyar da ke cikin hotonmu sunanta La Jument, watau Goɗiya. Tana can ƙuryar yammacin Faransa, kusa da tsibirin Ouessant na lardin Bretagne, kan hanyar jiragen da ke fitowa daga Afirka da kudancin Turai za su Ingila. Ruwan wurin gudu ya ke yi tsakanin tsibirai kamar kogi a tsakiyar damina, ga hazo, ga duwatsu.

A daren 16 ga watan Yuni 1896 wani jirgin fasinja mai suna Drummond Castle, wanda ya taso daga Afirka ta Kudu zai tafi Landan, ya bugi dutse a wannan yanki cikin hazo, ya nutse cikin 'yan mintoci. Mutum fiye da 240 ke ciki, uku kaɗai suka tsira. Bayan 'yan shekaru wani mai hali, Charles-Eugène Potron, ya rasu a 1904 ya bar wasiyyar faran 400,000 don a gina hasumiya a yankin, bisa sharaɗin a gama cikin shekara bakwai. Magina ba sa samun sauka kan dutsen sai ranar da teku ta kwanta, irin wannan rana kuwa ba ta da yawa. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kunna fitilar a 1911. Saboda gaggawar da aka yi, daga baya sai da aka yi ta ƙara wa gindinta ƙarfi, har aka ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe cikin dutsen.

Tsawonta ƙafa 150 da ɗoriya. Domin mai karatu ya auna, hasumiyar Gobarau ta Katsina wajen ƙafa 50 ce, ta masallacin Agadas kuwa wajen ƙafa 90. Watau sai an ɗora Gobarau uku bisa juna kafin a kai kan Goɗiya. Fitilarta ja ce, tana ƙiftawa sau uku cikin ko wane sakan 15. Masu gadin hasumiyoyi na Faransa sun kasa wuraren aikinsu kashi-kashi: wadda ke kan tudu kusa da iyali su kan kira ta aljanna, wadda ke tsakiyar ruwa ita kaɗai su kan kira ta jahannama. Goɗiya tana cikin na biyun.

Ranar da aka ɗauki hoton

Ranar 21 ga watan Disamba 1989 wata muguwar guguwa ta taso wa gaɓar Bretagne. Wani mai ɗaukar hoto, Jean Guichard, wanda ya daɗe yana bin hasumiyoyin ƙasarsu, ya yi hayar jirgin sama mai saukar ungulu daga garin Lorient, ya nufi tsibirin cikin wannan iska. Ga amsar tambayar ɗalibinmu ke nan: ba ƙasa ya tsaya ba, a sama ya ke.

Da jirgin ya iso yana shawagi, sai ɗaya daga cikin masu gadin ya ji ƙararsa, ya buɗe ƙofar ƙasa ya fito ya ga ko mene ne. Yana duban jirgin, bai san abin da ke tasowa ta bayan ginin ba. Daidai wannan lokaci ne Guichard ya danna kyamararsa, ya yi ta dannawa, ya sami hotuna bakwai a jere. Mai gadin ya farga, ya koma ciki ya rufe ƙofa kafin ruwan ya zagayo. Da sauran shan ruwansa a duniya.

Ɗaya daga cikin hotunan nan ya zo na biyu a gasar hotunan jaridu ta duniya, aka buga shi a manyan takardu aka sayar da fiye da miliyan guda. A 1991 kuwa aka sa wa Goɗiya na'ura mai kunna fitila da kanta, aka kwashe masu gadi. Saboda haka wannan hoto ba zai sake ɗaukuwa ba har abada, don ba sauran mai buɗe ƙofar.

Abin da mai hoto ya zaɓa

Mutane da yawa suna zaton kyamara ce ke yin hoto, mai riƙe da ita dannawa kawai ya ke yi. Wannan hoto ya ƙaryata su. A duba abin da Guichard ya zaɓa.

Ya zaɓi rana. Goɗiya ta yi shekara 78 tana tsaye kafin wannan rana, an kuma sha ɗaukar hotonta cikin kwanciyar teku, ba wanda ya tuna da waɗannan. Shi kuwa ranar da kowa ke rufe taga ita ya fita.

Ya zaɓi gefen da zai tsaya. Da ya zagaya ta bayan raƙumin ruwan, da farin kumfa kawai zai samu, ba ƙofa, ba mutum. Sai ya tsaya ta gefen da ƙofar ta ke, inda ya ke ganin abu biyu a lokaci guda: mutumin, da abin da mutumin bai gani ba. Wannan shi ke sa gaban mai kallo ya faɗi, har ya ji kamar ya yi kururuwa ya ce masa ya koma ciki.

Ya kuma zaɓi abin da zai bari a waje. Hoton hasumiyar fitila ne, amma fitilar kanta ba ta fito ba, an yanke ginin daga sama. Sabon shiga da ya ja da baya don kome ya fito, sai ginin ya zama kamar tsinke cikin tafki, mutumin ya ɓace. Alhali kuwa mutumin nan shi ne ma'auni. Mun rufe shi da ɗan yatsa muka tambayi ɗalibanmu tsawon ruwan, wani ya ce ƙafa goma, wani ya ce ɗari. Da muka ɗauke yatsan kowa ya yi shiru. Ido ba ya sanin girman abin da bai saba da shi ba sai an ajiye masa abin da ya sani a kusa.

A tuna kuma a 1989 fim a ke amfani da shi. Mai hoto ba ya ganin abin da ya samu sai ya sauka an wanke. Duk wannan zaɓi cikin ransa ya yi shi, jirgi na girgiza, iska na kaɗawa.

'Yar ƙofar da ke cikin kyamara

Cikin ko wace kyamara akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga, sa'an nan ta rufe. Tsawon lokacin da ta yi a buɗe shi ke hukunta kamannin ruwa. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, sai da ƙofar ta yi aƙalla awa takwas a buɗe. Kyamarar yau kuwa tana iya buɗewa ta rufe cikin kashi ɗaya daga 1,000 na sakan, ko ƙasa da haka.

In an buɗe ta ɗan ƙanƙanen lokaci haka, raƙumin ruwa sai ya sandare a sama, ko wane ɗigo a gan shi daban. In kuwa an kafa kyamarar kan maɗori mai ƙafa uku, aka sa mata baƙin gilashi don rage haske, aka bar ƙofar a buɗe sakan 30, to, duk abin da ke motsi sai ya narke. Teku ta zama kamar hayaƙi ko kindirmo, hasumiya kaɗai ta tsaya daram. Wuri ɗaya, sa'a ɗaya, amma wannan hoto ya ce maka teku mahaukaciya ce, wancan ya ce maka tana barci. Ba kuwa wanda idon ɗan Adam ya taɓa gani haka a cikinsu.

Da dare kuma wata wahalar ce. Hasken fitila ba ya ganuwa a sarari sai in akwai abin da zai faɗa a kai. Duk wanda ya haska tocila cikin ƙurar hunturu ya ga hasken ya miƙe kamar sanda ya san wannan. Don haka masu neman hoton hasken hasumiya sun fi son dare mai ɗan hazo. Sa'an nan a hasumiyoyi da yawa gilashin juyawa ya ke yi. In an bar ƙofar kyamara ta daɗe, sandunan hasken sai su goge juna su zama farin fili. In an taƙaita, sai su fito a rarrabe kamar wayoyin ƙafar keke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu, sa'ad da aka kunna fitilar amma sama na da sauran shuɗi, ta yadda ginin zai fito, fitilar kuma ba ta ƙone hoton ba. Mai hoto a bakin teku tilas kuma ya san lokacin ruwa, domin teku na cika ta janye kusan sau biyu a yini da kwana, awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika. Dutsen da ka kafa kyamara a kansa da la'asar yana iya zama ƙarƙashin ruwa kafin isha'i.

Wanda ya haɗa sama da teku

Ɗalibinmu da ya ce da kwamfuta aka haɗa hoton ya yi kuskure a kan wannan, amma zarginsa ba na banza ba ne. Sai dai haɗa hoto ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa.

A 1856 da 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya yi ta ɗaukar hotunan teku, har da na hasumiyar fitila da madatsar jirage ta garin Le Havre. A zamaninsa kan gilashi mai shafen magani a ke ɗaukar hoto, maganin kuwa ba ya iya ɗaukar sama da ruwa tare. In ruwa ya fito sosai, sama ta yi fari fat ba gajimare, in sama ta fito, ruwa ya yi baƙi ƙirin. Sai Le Gray ya riƙa ɗaukar gilashi biyu a wasu hotunan, ɗaya don sama, ɗaya don teku, in ya zo bugawa kan takarda ya haɗa su daidai inda sama ta taɓa ruwa. Mutanen Landan da Faris suka yi ta mamaki. Daga baya masu bincike suka lura gajimare ɗaya ya fito a hotunansa daban-daban, na wurare daban-daban. Shi dai ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira yana koyar da zane, ya rasu a 1884. A 1999 aka sayar da ɗaya daga hotunan nan nasa, na wani raƙumin ruwa a garin Sète, kan kuɗi fiye da fam 500,000.

To, Le Gray maƙaryaci ne? In an ce hotonsa ya fi kama da abin da ido ke gani a bakin teku bisa ga na abokan sana'arsa masu farar sama, an yi gaskiya. In kuma aka kai shi gaban alƙali don shaidar yadda gari ya kasance a wannan rana, shaidar zur ce. Hoton ado daban, hoton shaida daban, laifin kuwa yana ga wanda ya sayar maka da wannan da sunan wancan.

Abin da hoton bai nuna ba

Akwai magana guda da ba mu so ɗalibanmu su tashi ba su ji ta ba. Me ya fito da mai gadin nan bakin ƙofa? Ƙarar jirgin mai hoto. Da jirgin bai zo ba, da yana can ciki a rufe. Watau wanda ya zo kallo shi ne, ba da nufinsa ba, ya jawo abin da ya ɗauka, kuma da ruwan ya riga mutumin da sakan ɗaya ko biyu, da wannan hoto da a ke ratayewa a ofisoshi ya zama hoton mutuwa. Ba mu ɗora wa Guichard laifi ba, don bai kira kowa ba, shi ma kansa ya sa cikin haɗari. Amma hoton bai nuna jirgin ba, ba kuwa zai taɓa nunawa ba. Mai ɗaukar hoto kullum yana wajen hotonsa, alhali kuwa yana cikin al'amarin.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne in kai ka je ka gani. Amma hoto ganin wani ne, ya zaɓa ya miƙo maka, don haka ya fi kusa da ji. Yau da ko wane yaro ke da kyamara cikin wayarsa, na'ura kuma na iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, malamin da ya kafa hoto a allo ya ce wa yara "ga teku" ya wuce, bai gama aikinsa ba. Sai ya sa su tambaya: a ina mai hoton ya tsaya, me ya faru kafin wannan sakan da bayansa, me kuma aka yanke aka bari a waje? Ma'aikacin da aka kawo wa hoton gini ko rijiya a matsayin shaidar an gama aiki, shi ma waɗannan tambayoyi su ne makaminsa.

Gwaji a gida

Ba sai an je Faransa za a koyi wannan ba. 'Yan'uwanmu mazauna Akara ta ƙasar Gana suna da hasumiyar fitila ta unguwar James Town, mai launin ja da fari, tsawonta wajen ƙafa 90, ga jiragen masunta a gindinta. Mu kuwa na tudu muna da hasumiyoyin masallatai, da tankunan ruwa, da kukoki, ko wane cikinsu dogon abu ne tsaye shi kaɗai a gaban sama, darasin kuwa ɗaya ne.

Abin da muka sa ɗalibanmu su yi shi ne, kowa ya zaɓi abu ɗaya irin wannan, ya ɗauki hotonsa da wayarsa sau huɗu: da hantsi, da faɗuwar rana, daga gindinsa yana duban sama, sa'an nan daga nesa da mutum tsaye kusa da shi. Da aka jera hotunan tankin ruwan makaranta jikin allo, wani ya rantse tanki biyu ne. Daga ranar ba mu sake jin wani cikinsu ya ce kyamara ba ta ƙarya ba, ba mu kuma ji wani ya ce duk hoto ƙarya ne ba.

Muna roƙon malamai su jarraba wannan a azuzuwansu, su kuma gargaɗi yara kada kowa ya hau gini ko ya matsa bakin ruwa don neman hoto, domin ba hoton da ya kai rai. Wanda ya jarraba ya rubuto mana abin da yaransa suka ce. Allah Ya sa mu dace, amin.